Kafin Mu Ƙetare Bahar Maliya



Duk wanda ya san tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Babbar Kasuwar Njamena, irin su Marjan Dafak da Ambasatna, ya san cewa da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka tambayi asalin zamansa a nan ba a ce maka, "Ai kakanmu wucewa ya zo yi" ba. Garin nan zango ne tun farkonsa. Faransawa suka kafa shi a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabe da Kwamanda Lami suka mutu rana ɗaya, suka kuma raɗa masa suna Forlami, sunan da ya ɗauka har 1973. Ba a daɗe da kafa shi ba ayarin maniyyata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suka mai da shi wurin sauke kaya. Mutum ya ƙetare Shari, guzuri ya ƙare, sai ya zauna ya yi ɗinki ko fawa ko wanzanci ko koyar da allo, da niyyar in ya tara na mota zai ci gaba. Wasu sun ci gaban. Wasu kuwa sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, su ne iyayenmu. Wani Ba'amurke mai suna John Works har littafi ya wallafa a 1976 a kan Hausawan Chadi, ya kira su alhazai a baƙuwar ƙasa.

Hanyar da masu ci gaba suke bi sananniya ce, kuma yaran zamaninmu sun haddace zangunanta tun kafin su san taswira: Ati, Abeshe, Adre, sa'an nan Jinena da Fashir a Darfur, sai Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, sai Kartum, daga nan kuma Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar da takan ci shekaru ke nan, domin a kowane zango sai an tsaya neman na gaba. Da yawa sun yada zango a gonakin auduga na Jazira, ko a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Mutanen Sudan suna kiran zuriyarsu Fallata, a Hijaz kuwa a ce Takaru.

Abokan ƙuruciyarmu suna cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka bi wannan hanya a bayan manyan motoci. Kashi na farko ya tafi a shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya buɗe aikin gini da tuƙi da ɗinki a Saudiyya, lokacin kuma da sunan Sarki Faisal ya cika bakin mutanen garin nan, bayan ziyarar da ya kawo a 1972 da babban masallacin da aka buɗe da sunansa a 1978. Kashi na biyu yaƙi ne ya kore su. A 1980, sa'ad da aka shafe wata tara ana ruwan wuta a cikin gari, kusan kowa ya tsallaka Kuseri a kwalekwale. Da ƙura ta lafa wasunmu suka dawo suka gyara gidajensu, wasu kuwa suka ce tunda dai an riga an ɗaure kaya, bari su cika alkawarin da kakanni suka bari. A bakin kogin nan muka yi sallama da su, a kan cewa sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Yau shekara arba'in da ɗoriya.

Mu bakwai ne muka ɗaura niyyar zuwa gaishe su, maza biyar da mata biyu, ƙaraminmu ya haura sittin. An daɗe ana maganar a zaure ana ɗagawa, sai labari ya zo cewa ɗaya daga cikinsu, telan da muka yi makarantar allo tare, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a Jidda, kuma yana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ba wanda ya sake cewa a bari sai an samu sarari. Mun ga ya dace mu rubuta yadda shirin yake tafiya, domin mun san gidaje da yawa a garin nan suna da irin wannan buri.

Tun a zaman farko wani daga cikinmu ya kawo shawarar a bi tsohuwar hanya, a tsaya a gaida na Jinena da na Jazira. Ba wanda ya amsa masa, shi ma ya san dalili. Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan take cikin yaƙi. Jinena ta ga kisan da ba ya faɗuwa a cikin wannan shekarar, Fashir ta faɗi a Oktoba 2025 bayan doguwar ƙawanya, kuma zuwa tsakiyar 2025 mutanen da suka tsallako Chadi daga can sun haura 800,000. Hanyar da ta kai kakanninmu gabas, yanzu ita ce ke kawo mutane yamma, a ƙafa da amalanke. Saboda haka jirgin sama za mu shiga daga filin Hasan Jamus, mu sauya a Adis Ababa ko Alƙahira, mu kwana a Jidda. Abin da ya ci wa kakanni shekara biyar ko goma zai ci mana yini guda, amma za mu wuce ta saman mutanen da su ma suke da haƙƙin gaisuwa a kanmu.

Aikin da ya fi ɗaukar mana lokaci, wanda kuma ba mu zata ba, shi ne gano inda abokan suke. A da can hanyar sadarwa kaset ce. Mutum ya zauna da rikoda bayan sallar isha'i, ya kira kowa na gidan ya yi gaisuwa, a naɗe kaset ɗin a ƙyalle a ba alhaji ya kai. A bayan kaset ɗin ake rubuta adireshi, adireshin kuwa bai wuce sunan unguwa da sunan masallaci da "a tambayi gidan tela Bachade" ba. Muna da irin waɗannan kaset cike da adaka, kuma ba ɗaya da adireshinsa zai kai mu ko'ina a yau. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukumomin Jidda sun rushe unguwanni wajen sittin da suka ce an gina su ba bisa tsari ba, cikinsu har da Gulail da Betromin da Sabil da Kandara da Karantina, wadda ta samo sunanta daga wurin killace alhazai na zamanin jirgin ruwa. Nan ne mafi yawan mutanenmu suke zaune. Diyya ta 'yan ƙasa ce masu mallakar gida, ɗan haya baƙo kuwa kayansa kawai ya kwasa. Jama'ar da a da ka iya gaishe su duka a yammaci ɗaya da ƙafa, yanzu sun warwatsu: wani yana can ƙarshen kudancin gari, wani ya koma wurin ɗansa a Madina, wani ya tare a Makka wajen Shari'u Mansur, inda har yanzu ake jin Hausa a kasuwa.

Jikoki ne suka cece mu. Muka ba su sunaye goma sha tara, suka bi ta WhatsApp, wannan ya tura wancan, har aka samu goma sha ɗaya da rai da lambar waya. Biyar an tabbatar mana sun rasu. Biyu ashe sun dawo Njamena shekaru da suka wuce, suna zaune a gefen gari wajen Digel, kunyar dawowa hannu wofi ta hana su neman kowa. Waɗannan ziyararsu ba ta bukaci biza ba, mun riga mun je, kuma abin da muka gani ya isa darasin wata rana. Mutum ɗaya har yanzu ba labari. Shawararmu ga mai irin wannan niyya ita ce kada ya sayi tikiti sai ya ji muryar wanda zai je wurinsa da kunnensa, ya kuma karɓi lambar ɗansa ko 'yarsa, domin tsoho yakan kwatanta maka gari kamar yadda ya san shi, ba kamar yadda yake ba.

Sai batun takardu, wanda ba ya bukatar dogon bayani amma ba ya yafiya. Fasfo, wanda hukumar ANATS ke bayarwa, dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida a ranar shiga. Katin rigakafin shawara shi ma dole ne ga mai fitowa daga Chadi, sai dai tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka mai tsohon katinsa ya neme shi a adaka kafin ya je a sake huda shi. Allurar sanƙarau kuwa sai an yi ta aƙalla kwana goma kafin isa. Mu da kusan kowannenmu ke shan maganin hawan jini ko na sukari, likita ya rubuta mana takarda, kuma za mu tafi da magungunan a cikin kwalayensu na asali. Ƙwaya tsirara a ƙullin leda tana iya jawo wa dattijo tambayoyin da bai taɓa mafarkin amsawa ba.

Bizar umara muka nema. Tana ba mutum izinin zama har kwana 90, tana kuma ba shi damar zagaya garuruwan ƙasar, wanda shi ne abin da mai ziyara yake so. Jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018 ya haɗa Makka da Jidda da Madina, tafiyar kilomita 450, kuma ya sauwaƙa wa masu ciwon gwiwa irinmu. Amma akwai magana ɗaya da muka yi wa juna alkawari a kanta tun kafin a biya ko sisi: ranar da izini ya ƙare, a gida za ta same mu. Mun san yadda zuciya take raya wa mutum cewa tunda ya zo, bari ya ɓuya a ɗakin aboki har aikin hajji. Zamanin wannan ya wuce. A hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu, galibi saboda zafi, kuma hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin hajji. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000, ga kora da hana dawowa, wanda ya ba shi masauki kuwa hukuncinsa ya fi haka. Mu in an kore mu gida za mu dawo. Abokin da ya ɓoye mu fa, wanda shekara arba'in yana lallaɓa iƙamarsa, ina zai koma?

Lokacin tafiyar ma sai da aka yi lissafi. Ba mu so mu bar iyali a watannin da Shari da Logon suke cika, domin ba mu manta da ambaliyar 2022 da ta 2024 ba, sa'ad da mutanen Waliya da Tukra suka kwana a tantuna. Ba mu kuma so cunkoson azumi, lokacin da kuɗin masauki ke ninkawa. Sai muka tsayar da watannin sanyi, bayan ruwa ya ja baya, lokacin da zafin Hijaz ma yake sassautawa. Sati bakwai muka yanke.

Wajen kuɗi kuwa akwai abin dariya da ya kamata a faɗa wa duk ɗan Njamena. A kasuwarmu in an ce riyal, sefa 5 ake nufi, wato dala ɗaya, riyal ɗari kuma sefa 500, kuɗin shayi da burodi. A Jidda riyal ɗaya yana kai-komo a wajen sefa 150, riyal ɗari kuwa ya kama hanyar jaka goma sha biyar. Kunnen da ya shekara sittin yana jin "miya" a matsayin abin da ba ya tada hankali, sai an yi masa horo. Ɗaya daga cikin Hajiyoyinmu ta ɗauki nauyin wannan horo: duk zaman da muka yi sai ta jefa wa mutum farashi ba zato, ya mayar da shi sefa nan take, in ya kasa ya biya kuɗin shayi.

Muhawarar da ta fi zafi a tsakaninmu ita ce ta masauki. A tarbiyyar da muka tashi a kai, ka je garin aboki ka kama ɗakin haya zagi ne. Da muka shaida wa ɗaya daga cikinsu niyyarmu ta kama gida, sai ya aiko da saƙon murya yana faɗa: "Haba Malam! Ni da na kwana a zauren babanka shekara uku ina cin tuwon Inna, yau ka zo garin da nake ka sauka a otal? In ka yi haka, to, ba wurina ka zo ba." Maganar ta taɓa mu, har wasu suka ce a janye. Amma sai muka zauna da alƙalami. Tun Yuli 2017 Saudiyya ta ɗora wa baƙo ma'aikaci haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, riyal 100 a wata, yana hawa kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar zai biya riyal 2,400 a wata kafin ya sayi ko ƙwayar shinkafa, wato wajen sefa 360,000, ninki shida na mafi ƙarancin albashi a Chadi. Wannan haraji ne ya dawo mana da samari da 'yan matan nan da aka haifa a can, waɗanda muke jin Larabcinsu na Hijaz a kasuwar Dembe. Ga kuma kuɗin haya da ya tashi bayan rusau. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ka sauke masa baƙi bakwai sati bakwai, zai yanka muku rago da fara'a, ya ci bashin da zai shekara yana biya, kuma har abada ba za ku ji daga bakinsa ba. Mun san su, domin mu ma haka za mu yi.

Babbar cikinmu ce ta warware matsalar. Ta karɓi wayar ta ce masa, "Alhaji, kwana uku na farko naka ne, ba mai taɓa maka su. A tabarmarka za mu kwana, tuwon gidanka za mu ci. Daga nan sai ka bar mu mu koma inda muka kama, don sauran 'yan uwa su samu wurin zuwa su same mu ba tare da an ce an fifita gidan wani ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Yaya, kin fi ni baki tun muna yara." Haka aka tsaya. Mun kuma haɗa wani asusu dabam, wanda ba na guzuri ba, da za a miƙa wa uwargidan mara lafiya a ɓoye, ta hannun mata.

Tsaraba ita ce wurin da kowa ya zama masani. Abu na farko da zuciyar Bahaushe ke kawowa shi ne goro, kuma shi ne abu na farko da aka soke, domin hukumomin alhazai na ƙasashenmu kowace shekara suna gargaɗin cewa Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Wani ya kawo shawarar dabinon Faya, aka tambaye shi ko ya taɓa jin wanda ya kai gishiri Bilma. Kilishi da bandar kifin Shari an so a kai, sai dai nama da kifi kaya ne da ake iya karɓewa a filin jirgi, don haka ba mu ɗora rai a kansu ba. Da muka tambayi su kansu abokan, abin da suka lissafa ya ba mu tausayi saboda ƙanƙantarsa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa ta tafkin Chadi, zoɓo, man kaɗanya. Matan suka ƙara da humra da turaren wuta haɗin gida, da garin shebe na gyaran gashi. Mara lafiyan kuwa, ta bakin 'yarsa, cewa ya yi a ɗauko masa hoton ƙofar gidansu da na bishiyar da muke karatu a ƙarƙashinta. Ƙofar tana nan. Bishiyar an sare ta da daɗewa, kuma har yanzu ba mu yanke shawarar abin da za mu ce masa ba.

Game da saƙo, muna roƙon 'yan uwa su yi mana uzuri. Tun da labarin tafiyar ya bazu ake ta sallama da ƙulle-ƙulle, wannan na ƙanwa, wancan na suruki. Ba mu ƙi ba, ɗaukar saƙo tsohuwar al'adar hanyar nan ce, da ita muka rayu da su shekara arba'in. Amma duk ƙullin da za mu ɗauka sai an kwance shi a gabanmu mun ga abin da ke ciki, ko da na limamin unguwa ne. Dokar miyagun ƙwayoyi a can tana kaiwa har ga kisa, kuma an sha jin bayin Allah da suka shiga uku saboda jakar da ba su san cikinta ba. Wanda ya ga wannan sharaɗi ya yi masa tsauri, ya riƙe kayansa, zumuncinmu yana nan.

A gida kuma kowa yana ta nasa. An auna gero da shinkafar da za su kai iyali har mu dawo, an biya kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, an bar wa babban ɗa ko ƙane amanar shago. Kowannenmu ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, ya sa shaidu biyu, ya kuma zagaya dangi da maƙwabta neman gafara, kamar yadda iyayenmu suke yi in za su gabas. Wani matashi ya yi mana dariya, wai tafiyar yini ɗaya a jirgi ce muke yi wa wasiyya. Muka ce masa shekarunmu muke yi wa, ba jirgin ba.

Akwai kuma tsofaffin basussuka da ke tsakaninmu da su kansu abokan. Ɗaya daga cikinmu yana riƙe da keken ɗinkin da aka bar masa ajiya a 1980, ya yi aiki da shi har ya aurar da 'ya'ya; ya sa an kimanta shi, zai tafi da kuɗin. Wani kuma rabon gadon gida ne na abokinsa yake hannunsa tun rasuwar mahaifiyarsu, da takardar alƙali da komai. Irin wannan ba a aika shi ta waya.

Abu na ƙarshe da muke shiryawa shi ne takardar mamata. Mun san yadda zaman farko zai kasance: bayan gaisuwa da kuka, za a fara tambaya, ina wane, ina wance, gida-gida, layi-layi, kamar yadda unguwar take a ranar da suka bar ta. Za su tambayi Gardole, sai mu ce musu an rushe ta tun 2008, su ma su ba mu labarin Karantina. Don kada mu yi ta in-ina, ko mu faɗa wa mutum rasuwar ɗan uwansa a tsakiyar cin abinci, mun zauna mun rubuta sunayen duk wanda ya rasu cikin waɗanda suka sani, da shekarar rasuwarsa da maƙabartar da aka kai shi, mun kuma raba wa junanmu wanda zai faɗa wa wa. Sunayen sun kai tamanin da huɗu, kuma jiya aka ƙara ɗaya. 'Ya'yansu da jikokinsu, waɗanda Hausarsu ta yi rauni, Larabcinmu na Chadi kuma yake ba su dariya, mun sa an kwafe musu tsofaffin kaset ɗin nan a waya, su ji muryar iyayensu lokacin suna samari, suna cewa a gaida kowa da kowa, sai sun dawo baɗi.

Duk mai ɗan uwa a Jidda ko Makka ko Madina da yake so a gaishe shi, ya kawo sunansa da lambar wayar wani na gidansa kafin ƙarshen wata, bayan sallar la'asar, a zauren da muka saba zama. Wanda kuma ya san wani abu game da mutum na goma sha tara, wanzamin da ya bi motar Abeshe a ƙarshen 1980 aka daina jin ɗuriyarsa daga Ubayyid, don Allah ya zo ya same mu.